Yadda ake saka sifirin ɗin ƙafar tsakiya a tsohon babur

Babur ɗin da nake ji da shi Honda CD175 ne mai salansa biyu, irin wanda aka yi ta ƙerawa daga 1967 zuwa 1979. Na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Da shi ya yi shekaru yana zuwa aiki nan cikin Sakkwato, kuma har yau in na tada shi da safe, dattawan unguwa kan gane ƙararsa tun kafin su gan shi.

Shekarun baya sifirin ɗin ƙafar tsakiyarsa, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfen nan mai zobba da ke ja ta sama, ya karye daga wajen ƙugiya. Ƙafar tsakiya ita ce babbar ƙafa mai raba biyu da ake kafe babur a kai, wadda makanikai ke ce wa dabal-sitan. Na yi abin da kusan kowa ke yi, na yanko tsohon tib na ɗaure ta sama da shi. Robar ta yi wata biyu tana riƙewa. Sai bazara ta shigo, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya haɗu da na salansa, ta bushe ta tsattsage ban sani ba. Ina cikin kewaya shataletale wajen Runjin Sambo, na kwantar da babur hagu, ƙafar ta sauko ta caki kwalta. Tayar baya ta ɗaga, sai ga ni ƙasa. Allah ya kiyaye babu mota a bayana, na tashi da ƙujewa a gwiwa da tafin hannu kawai. Tun ranar ban ƙara ɗaukar wannan ɗan ƙarfe da wasa ba, kuma duk wanda na gani da roba ɗaure a ƙafar babur sai na yi masa magana.

Abin da ke sa mutane komawa ga roba shi ne wuyar sakawa. Tsawon sifirin ɗin bai kai taƙi ba, amma ƙato majiyi ƙarfi zai kama shi da filaya ya yi ta ja har gumi ya jiƙa masa riga, bai kai shi wurin zamansa ba. Wani tsohon makanike ya same ni ina wannan fama a gindin dogonyaro, ya tsaya ya dube ni ya ce, "Yaro, mi kaka yi haka? Wanga ƙarfe ba a yi mai ƙarfi, dubara aka yi mai." Na ce, "To Baba, a nuna mini." Abin da ya koya mini ranar, da abin da na ƙara gani da hannuna daga baya, shi zan zayyana a nan.

Ka fara gane yadda yake aiki

Ƙafar tana juyawa ne a kan wata sandar ƙarfe da ta ratsa ƙasan firam. Bakin sifirin ɗaya yana maƙale a wani ɗan turke a jikin firam, ɗayan kuma a wani turke ko kunne a jikin ƙafar. In ƙafar tana sama, sifirin yana ja ta gefe ɗaya na sandar, ya riƙe ta sama. In ta sauka har ƙarshe, ya tsallaka ɗaya gefen, ya riƙe ta a kafe. A tsakiyar tafiyar, lokacin da ya zo daidai da sandar, nan ne ya fi miƙewa. Ke nan akwai inda tazarar turakun biyu ta fi gajarta, kuma a yawancin babura wurin shi ne sa'ad da ƙafar ke naɗe a sama. Wanda ya kafe babur a kan ƙafar tsakiya sannan ya ce zai saka mata sifirin ya ƙara wa kansa aiki, ga kuma haɗarin babur ɗin ya zame ya danne masa hannu.

A yawancin tsoffin Honda, sifirin ba ya kama turken firam kai tsaye. Akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai lanƙwasa kamar jinjirin wata da ke shiga tsakani, shi ke kewaye sandar don kada sifirin ya goge ta. Wannan faifan yakan faɗi ya ɓace ranar da sifirin ya karye, mai babur bai ma san da shi ba. Ya sayo sabo, ya ga ya gaza da kusan rabin taƙi, ya ɗauka an ba shi wanda ba nasa ba. Ka leƙa ƙarƙashin wani babur irin naka kafin ka tafi kasuwa. Wasu baburan kuma sifirin biyu gare su, ƙarami a cikin babba, don in ɗaya ya karye ɗayan ya riƙe. In naka haka yake, duka biyun za ka mayar.

Sayen sabo

Ka tafi da tsohon a aljihu, ko da ya rabu biyu. Shagunan kayan babur cike suke da na Bajaj da Jincheng saboda 'yan kabu-kabu, kuma mai shago zai iya miƙo maka ɗaya ya ce duk ɗaya ne. Ido ba mudu ba ne ko da ya san kima, don haka ka jera su a tafin hannu ka duba abu huɗu: tsawo daga cikin ƙugiya zuwa cikin ƙugiya, kaurin wayar, faɗin zoben, da inda bakin kowace ƙugiya ya fuskanta. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa. Akwai wanda ƙugiyoyinsa ke kallon gefe ɗaya, akwai wanda suka juya wa juna baya, kuma in ka saka wanda bai dace ba zai zauna a murɗe, ba ya daɗewa. Ka tuna tsohon da ya gaji yakan ɗan fi asalin tsawonsa. In ka ɗaga shi ka hangi haske tsakanin zobbansa alhali ba a ja shi ba, ya saki, sabon ya kamata ya ɗan fi shi gajarta.

In ba a samu sabo ba, wajen 'yan gwangwan akan dace da na asali daga mataccen babur. Ni na fi yarda da tsohon na asali mai lafiya a kan sabo mai laushin waya, muddin tsatsa ba ta ci wuyan ƙugiyarsa ba.

Kayan aiki da shirya babur

Za ka buƙaci sifana 10, 12, 14 da 17, waɗanda su ne ke kwance kusan komai a baburan Japan, da filaya, da babbar sukudireba, da guduma ƙarama, da buroshin waya, da kananzir, da giris, da ma'auni ko ɗan zare. Sai washa kamar ashirin, irin wadda ke shiga ƙusar da sifana 12 ke kwancewa. Abu na ƙarshe tabarau ne. Ko na masu walda mai farin gilashi, ko na rana, ka dai rufe idonka. Sifirin da ya kuɓuce yana tafiya kamar an harbo shi da gwafa, fuskarka kuwa tana kusa da shi tunda a kwance kake aikin.

Ka yi aikin da sassafe, inji a sanyaye, a wuri mai tauri. Ƙasar yawancin gidajenmu rairayi ce, ƙafar gefe tana nutsewa a ciki, washa kuma in ta faɗi sai an tona. Ka shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma. Ka rufe makullin fetur da ke ƙarƙashin tanki, ka sa babur a giya ta ɗaya, ka ɗaure hannun birkin gaba da roba don kada ya gangara. In yana da ƙafar gefe, ka kafe shi a kanta, ka sa ɗan katako a ƙarƙashi. In ba shi da ita, kamar wasu tsoffin, ka jingina shi da bango wani ya riƙe maka, ko ka kwantar da shi a kan tsohuwar tayar mota ta yadda gefen da sifirin yake zai kalli sama. Kafin ka kwantar, ka cire batir, don ruwansa yana cin fenti da ƙarfe.

Sau da yawa salansa ce ke tare hanya. In hannunka da filaya ba sa kaiwa ga turken a sake, ka cire ta, ya fi maka sauƙi. Sai dai ka jiƙa notocin bakin inji da mai tun daren jiya, ka kwance su a hankali, domin ƙusar da ta shekara arba'in tana shan wuta ba ta son gaggawa, in ta karye a ciki kuma ka buɗe wani babin.

In tsohon sifirin yana nan a maƙale, ka ɗauki hotonsa da waya kafin ka taɓa shi. Yawanci baki ɗaya yana da dogon wuya, ɗayan gajere, kuma dogon shi ke wucewa ta kusa da sandar.

Dubawa kafin sakawa

Ka kama ƙafar ka girgiza ta gefe da gefe. Ɗan motsi kaɗan ba komai, amma in tana rawa sosai, ramukanta sun cinye sun zama kamar ƙwai, ko sandar ta sirance. Sabon sifirin ba zai gyara wannan ba, sai mai walda ya cike ramin a sake huda shi, ko a sauya sanda. Ka cire ɗan fin mai ƙafa biyu da ke ƙarshen sandar, ka buge ta a hankali ta fita. A wasu ƙananan Honda kamar C70 da CG125, wannan sandar ce kuma ke ɗauke da abin taka birkin baya, don haka ka lura da yadda ya zauna da nasa ɗan sifirin. Ka wanke komai da kananzir, ka goge da buroshi. Abin da za ka tarar a ciki ƙurar hunturu ce da ta cakuɗe da tsohon mai ta zama kamar dutsen niƙa, ita ke cinye ƙarfen. Ka shafa sabon giris, ka mayar da sanda, ka sa sabon fin. Kada ka maye gurbinsa da ƙusar kafinta.

Ka duba turakun biyu ma. Kowane yana da ɗan kwarmi da ƙugiya ke kwanciya a ciki. In kwarmin ya zurfafa har ya ci rabin turken, ko turken ya lanƙwashe, a gyara shi tukuna. Sai robar da ƙafar ke bugawa in ta naɗe, wadda ke jikin salansa ko jikin ƙafar kanta. In ta faɗi, ƙafar za ta riƙa hawa fiye da kima, a wasu baburan har ta taɓa sarƙa.

Dabarar washa

Wannan ita ce wadda Baba ya nuna mini, kuma ita nake bai wa kowa shawara, domin babu ja a cikinta ko kaɗan. Shi da tsoffin sulalla ya yi, ya zazzago su daga wani gwangwanin madara. Wanda ke da kwandalolin 2007, na kobo 50 da naira 1 da naira 2, za su yi aikin, amma washa ta fi, tana ko'ina, ba ka kuma lalata kuɗi ba.

Da farko ka ɗaga ƙafar sama ka ɗaure ta da igiya ta tsaya a naɗe. Ka maƙala baki ɗaya na sifirin a turken firam, ko a jinjirin watan nan in akwai, ka miƙa ɗayan wajen turken ƙafa ba tare da ja ba. Ka auna abin da ya rage. A ce santimita 2 ne, wato milimita 20. Kaurin irin washar nan kusan milimita 1.6 ne, ke nan a lissafi goma sha uku za su cike tazarar. A aikace sai ka ƙara, domin washa ba ta buɗe zoben gaba ɗaya, kuma kana son ƙugiya ta ɗan wuce kan turken kafin ta faɗa kwarmi. Ka shirya sha takwas zuwa ashirin.

Sai ka cire sifirin ka kai shi inda za ka lanƙwasa shi. In akwai bais, wato mamatsin ƙarfe da ake kafawa a tebur, ka matse ƙugiya ɗaya a ciki da ɗan tsumma don kada haƙoransa su ji mata. In babu, ka nemi guntun bututun ƙarfe da ya ɗan fi sifirin faɗi, ka zura rabinsa ciki, ka taka bututun da ƙafa. Ka kama ɗaya bakin ka tanƙwara shi gefe. Za ka ga zobban bayan lanƙwasar sun buɗe baki kamar haƙoran mataji. Ka tura washa ɗaya a tsakanin zobe biyu, ka shigar da ita sosai, ka bar ɗan gefenta a waje inda filaya za ta kama daga baya. Ka saki. Yanzu ka tanƙwara shi ɗaya gefen, ka sa ta biyu a rami na gaba. Haka za ka yi ta yi, ɗaya dama, ɗaya hagu. In ka jera su duka a gefe guda, sifirin zai gantsare kamar baka, ba zai miƙe ya kai turke ba, washoshin kuma su riƙa tsalle suna fita.

Bayan kowace biyar ka koma ka gwada. Kada ka cusa washa biyu a rami ɗaya, domin buɗe zobe guda fiye da kima yana kashe shi, ba ya komawa. Ka kuma bar zobe biyu na kowane ƙarshe ba ka sa musu komai ba.

Wanda ke da jak ɗin mota mai almakashi yana iya sauƙaƙa wa kansa. Ya ɗaure ƙugiya ɗaya a gindin jak, ɗaya a kansa, da waya mai kauri, ya murɗa a hankali har zobba su buɗe daidai shigar washa, ya jera su, ya sauke. Iyakar abin lura, kada a ja shi fiye da yadda ƙafar kanta za ta ja shi a bakin aiki.

In tsawon ya kai, ka maƙala bakin firam, ka ɗora ɗayan a kan turken ƙafa da yatsu kawai. Ranar da na fara ganin haka, abin da na yi awa guda ina kokawa da shi ya zauna ba ko nishi. Ka tabbata kowace ƙugiya ta kwanta a kwarminta, bakinta na kallon inda na tsohon ke kallo a hoto. Sannan ka kwance igiya, ka kawar da fuska, ka taka ƙafar ta sauka a hankali zuwa tsakiya. Sifirin zai miƙe, washoshin su fara zubowa da kansu a kan buhu. Waɗanda suka maƙale ka zare su da filaya ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙirga su, in ka sa sha takwas ka ga sha takwas a hannunka, domin guda ɗaya da ta rage a ciki tana rage masa ƙarfin riƙo.

In babu washa

Tsohuwar wayar kuloc ko ta birki tana aiki. Ka ninka ta biyu, ka rataya ninkin a ƙugiyar da ta rage, ka ɗaure bakunan a tsakiyar guntun ƙarfe ko ƙotar guduma. Ka zauna ƙasa a bayan babur, ka tokare ƙafarka, ka ja da hannu biyu da ƙarfin bayanka, daidai layin da sifirin ke bi. Mutum na biyu, da tabarau a idonsa, shi zai tura ƙugiyar kan turke da bakin sukudireba, ba da yatsa ba. Wayar takan maƙale a ƙarƙashin ƙugiya, sai a yanke gefe ɗaya a zare. A nan dole babur ya kasance a riƙe da kyau, don jan yana iya tuge shi daga ƙafar gefe.

Akwai kuma hanyar da makanikai da yawa suka fi so in dama sun riga sun cire sanda. Sukan maƙala sifirin a duka turakun biyu tun ƙafar tana sake, su shigar da sandar ta rami ɗaya, sannan su yi amfani da tsawon ƙafar kanta su banƙaro ta har ɗaya ramin ya daidaita, su zura sukudireba ta riƙe, su bugo sandar ta ture ta waje. Tana da sauri a hannun wanda ya saba. Ga sabon hannu ban cika son ta ba, saboda yatsa kan shiga tsakanin ƙafa da firam.

Hanyar da kowa ke fara gwadawa, wato a zura sukudireba cikin ƙugiya, a dafa bakinta a kan turke a ɗaga don ƙugiyar ta zame ta faɗa, tana yi a ƙaramin sifirin irin na ƙafar gefe. A na tsakiya ita ce ta fi fasa wa mutane ƙumba da leɓe.

Abu biyu kada ka yarda a yi wa sifirin ɗinka ko a garejin wa. Kada a sa masa wuta don ya yi laushi, ko don a sake lanƙwasa masa sabuwar ƙugiya bayan ta karye. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, zai shiga da sauƙi, bayan mako guda ya saki. Kada kuma a damƙi wuyan ƙugiya da filaya mai kaifin haƙori. Ɗan tabon da za ta bari, daga nan tsagewa ke farawa.

Gwaji

Ka mayar da salansa, ka mayar da batir. Ka tada babur tsaye, ka taka ƙafar ƙasa ka saki sau goma. Kowane karo ta koma sama da kanta da ƙarfi, ka ji ta bugi robarta. In tana tsayawa a hanya, ko sanda ta matse ko sifirin yana gogar wani abu, ka leƙa ka nemo inda ƙarfe ya yi sabon ƙyalli. Sai ka sa yatsa ɗaya ka danna ta ƙasa tana naɗe. In yatsa ɗaya ya iya raba ta da robar cikin sauƙi, ramin hanya ma zai iya, ke nan sifirin ya yi mata tsawo ko laushi.

Ka kafe babur a kanta a wuri mai tauri, ka ga tayar baya ta bar ƙasa tana juyawa. Ka tura shi gaba ya sauka, ƙafar ta naɗe ba ka taɓa ta ba. In abin taka birki yana kan sandar nan, ka taka shi ka ga yana komawa, fitilar birki tana kamawa tana mutuwa. Daga nan ka hau ka bi wata hanyar unguwa mai gargada a hankali, kunnenka a ƙasa. In ka ji ƙwal-ƙwal a ƙarƙashin inji, ka tsaya ka duba tun kafin ka hau babban titi.

Ni yanzu sau biyu a shekara nake kwanciya ƙarƙashin nawa, bayan ɗaukewar ruwa wajen Oktoba, da kuma ƙarshen hunturu in ƙura ta lafa. Nakan wanke sandar da kananzir, in sa giris, in ɗiga baƙin mai a bakin kowace ƙugiya inda take cin turke, in goge abin da ya malalo don kada rairayi ya manne. Washoshin nan ashirin suna cikin wani ɗan ƙunshin tsumma a akwatin kayan aikin da ke gefen babur ɗin, tare da filogi na ajiya.